Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya Daga Gangar Baba Arzika

Litinin, 6 ga Mayu, 4:10 na yamma

Waƙar ta fita a rediyo jiya da hantsi. Yau Mujtaba, mai situdiyon, ya shigo da lemo mai sanyi ya ajiye mini a kan tebur, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara uku da nake yi masa aikin haɗa sauti. Wai wani daga Sakkwato ya tambaye shi ko a Legas aka yi miksin ɗin. A wurin Mujtaba babu yabon da ya wuce a ce aikinka bai yi kama da na garinku ba.

Bari in rubuta yadda na yi ta tun ban manta ba. Ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙauyensu Kawu Tamba, can bayan Zauro, ita ta sa a yi waƙar, kuma Kawu ne ya ce a kawo mini aikin don ɗiyar ƙanwarsa ta yi karatun abin. Baba Arzika, makaɗin nomansu, ya zo da gangarsa a cikin buhu. Na ɗauki kiɗan shi kaɗai, minti goma sha huɗu, sannan na ɗauki muryarsa daban. Muryar ba ta ba ni wahala ba. Gangar ce ta ƙi zama. Ya yi sauri, ya ja baya, ya tsaya kamar mai jiran wani ya amsa, ya sake zabura. A fuskar kwamfuta akwai layukan ma'auni, kuma da wuya ka ga dukansa biyu a jere sun faɗa kan layi. Ga rediyo minti shida kawai suka ba mu.

A minti na tara na samu daƙiƙa goma sha ɗaya masu tsabta. Kowane duka daidai da ɗan'uwansa, kamar da awo aka yi su. Na yanko su, na jera su sau talatin da biyu, na ɗora murya a kai. Na rage wa gangar kauri don kada ta cinye lasifikar waya, na ƙara wa muryar kaifi kaɗan, na matse ta don wuraren da ya yi ƙasa da murya su fito, na sa amsa-kuwwa ɗan ƙanƙani, kamar yana cikin zaure. Na saurara a manyan lasifika, na saurara a waya, na saurara a motar Mujtaba. Ko'ina ta zauna daram.

An yi da Baba zai zo ranar Alhamis ya ji kafin a kai. Na gama Laraba, sai na ga ba dalilin wahalar da tsoho a kan babur cikin wannan zafin.

Kawu ya kira sau uku ina cikin ɗakin ɗauka. Gobe na kira shi ya yi godiyarsa a tsanake.

Talata, 7 ga Mayu, 11:30 na safe

Ba godiya ba ce.

Bayan gaisuwa ya ce, "Zakiyya, abu guda nika son in tambaye ki. Wanga kiɗi da munka ji, haka Arzika ya buga shi?"

Muryarsa ta sa na gyara zama. Na ce, "Kawu, abin da ya shiga na'ura shi ya fito."

Sannan ya ce, "To. Madalla. Ki gai da uwarki."

Ban yi ƙarya ba. Kowane duka da ke cikin waƙar hannun Baba Arzika ne.

Laraba, 8 ga Mayu, 7:45 na safe

Inna ce ta faɗa mini, tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba. A ƙauyen aka haife ta, kuma matan can sun riga sun cika mata waya.

Kowane manomi yana da takensa. Makaɗi ya buga, mai shi ya ji an kira shi, ya ɗaga hannu ko ya ƙara ƙaimi. Wani ya gada daga ubansa, wani da guminsa ya samu. Na san wannan. Na taɓa rubuta shi a jarrabawa a jami'a, shafi biyu, aka ba ni maki mai kyau. Abin da ban sani ba shi ne minti goma sha huɗun nan da na ɗauka ba kiɗa ba ne mai tafiya yana dawowa. Mutum ashirin da uku ne, ɗaya bayan ɗaya, 'yan ƙungiyar duka.

Daƙiƙa goma sha ɗayan da na zaɓa taken Alhaji Munzali ne. Shi ne wanda bara ya tare hanyar ruwa ya juya ta gonarsa har shinkafar na ƙasa da shi ta ƙone, ciki har da ta Kawu. Yana cikin ƙungiyar don ba a san yadda za a fitar da shi ba.

Wato a ranar Lahadi duk ƙauyen suka taru a gindin rediyo, kowa yana jiran ya ji nasa, suka ji an kira Munzali sau talatin da biyu.

Inna ta ce, "Sun ce Arzika ya sai da ganga. Shekara arba'in shina bin su gona-gona, ashe jira shikai mai mota ya zo." Ta buga rariya a gefen kwano. "Ni dai ban yarda ba. Ke da kina wurin, mi kinka gani?"

Na ce zan makara.

Alhamis, 9 ga Mayu, 1:00 na rana

Na buɗe fayil ɗin asali. Yana nan lafiya lau, minti goma sha huɗu. Na rufe.

Juma'a, 10 ga Mayu, 10:20 na safe

Na gaya wa Mujtaba. Ya yi dariya har ya dafa ƙofa, sai da ya ga fuskata ya daina.

Ya ce, "Ke yanzu wa ya san abin da akai cikin kwamfuta? Su manoma ne, sati biyu sun manta. In kinka buɗe baki, gobe duk makaɗin garin ga ya ce situdiyonmu na yanka mutane. Tsoho ne. A bar shi a kan ya rikice."

Na ce ba kyau. Na faɗe shi da muryar da ake cewa rana ta yi zafi. Sannan na koma na ci gaba da gyara wata waƙar biki da amaryar take son a sa mata sunanta da amsa-kuwwa sau uku.

Asabar, 11 ga Mayu, 5:00 na yamma

Labarin yau daga wayar Inna: Alhaji Munzali ya sa waƙar a motarsa, gilasai a sauke, ya zagaya ƙauyen sau biyu a hankali kamar mai tallan magani. Daga nan ya aika wa Baba Arzika buhun shinkafa da rana tsaka. Baba ya mayar masa da shi bayan sallar asuba. Shigar buhun kowa ya gani. Fitarsa mutum biyu ne suka gani, kuma ɗayan ba a yarda da maganarsa.

Litinin, 13 ga Mayu, 3:30 na yamma

Ya zo.

Na hango Baba Arzika ta taga yana sauka daga babur, ba buhu, ba ganga. Na shirya wa faɗa. Har na tsara abin da zan ce a kan minti shida na rediyo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da na sha gaya masa ba sai ya cire ba, ya zauna a ƙasa ya bar kujera.

Ya ce, "Ɗiyata, sa min ita ga manyan nan in ji. Ƙila rediyo ce ba ta da kyau."

Na sa. Ya saurara tun daga farko har ƙarshe, kansa a ƙasa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa.

"Hannuna ne," ya ce. "Ba ni musu, hannuna ne. Amma ni a raina na san na kira kowa. Na faro da Ikrima na bakin gulbi, na bi ta gabas yadda gonaki sunka jeru." Ya dubi tafin hannunsa. "Babana haka ta faro mishi. Ya aza ya yi abu, ashe bai yi ba. Daga baya har ɗiyansa ya bar ganewa."

Sannan ya ɗago ya dube ni. "Ke kina wurin. Don Allah, na kira Tamba?"

Na ce, "Baba, ni ban san taken kowa ba."

Wannan ma gaskiya ce. Na lura ina da baiwar haɗa ƙarya da gaskiya zalla. Yanka da jerawa ne kawai, aikina ke nan.

Fayil ɗin yana nan a gabana, taɓawa biyu. Na tashi na kawo masa ruwan sanyi. Ya sha, ya gode, ya sa mini albarka.

Talata, 14 ga Mayu, 9:00 na safe

Ban je aiki ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 15 ga Mayu, 2:15 na rana

Ya sa mini albarka.

Alhamis, 16 ga Mayu, 6:00 na yamma

Na kwafo na asalin a waya na kawo gida. Na ce, Inna, ji wani abu. Tana tsince alayyafo. Ganga ta fara, hannunta ya tsaya.

"Ikrima na bakin gulbi," ta ce. Can kuma, "Wanga na gidan Abdussamadu ne, na kakansu." Ta riƙa kiran su ɗaya ɗaya, wani ta yi dariya, wani ta ce Allah ya jiƙan ubansa. Wuraren da nake gani a kwamfuta kamar kuskure, inda yake zabura, ta ce ai mai wannan taken ɗan gaggawa ne, haka yake noma. Inda ya ja baya, mai shi gurgu ne. Inda ya tsaya, wurin da mai take ke yin kirari ne. A minti na bakwai ta ajiye tiren gaba ɗaya. "Ga yayana," ta ce. Ya daɗe a kan na Kawu, ya yi masa ado, ya koma ya sake.

Da aka zo minti na tara ta taɓe baki. "Ji shi. Kamar mai haɗiyar magani. Ya buga ne don kar a ce ya tsallake shi."

Shi ke nan sirrin tsabtar. Mutum ashirin da biyu ya buga da zuciya, sai hannunsa ya ƙi bin layi. Guda ɗaya ya buga ba rai, ya fito daidai da ma'auni, ni kuma da digirina na saurari minti goma sha huɗu na ce wannan ne mai kyau.

Inna ta ce, "Tun yaushe wanga abu shina hannunki?"

Na ce tun ranar da aka ɗauka.

"Da ya zo wurinki ran Litinin, shina hannunki?"

Ban san wa ya gaya mata ya zo ba. Ta ɗauki tirenta ta koma kicin. Ta zuba mini tuwo kamar kullum, abin da ya fi zagi ciwo.

Juma'a, 17 ga Mayu, 4:40 na yamma

'Yan ƙungiyar sun yanke shawara. Gayyar yankan shinkafa Asabar ta sama ce, 25 ga wata, kuma ba Baba Arzika zai yi kiɗa ba. Sun aika wa wani makaɗi a Argungu, mai suna Malami, da goro. Tun kafin a haife ni ba a taɓa yanka a fadamar nan da wata ganga ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, 5:30 na yamma

Na je Argungu. Dabarata ita ce in gaya wa baƙo gaskiya, shi ya ƙi zuwa, ya faɗa musu dalili, ni kuma in tsira da fuskata. A mota har na ji kamar jarumtaka nake yi.

Na same shi a ƙofar gida yana jan fatar ganga, kusa da masu shanya albasa. Bai kai Baba tsufa ba, mai yawan dariya. Na ce ya fara jin waƙar. Bai kai minti ɗaya ba ya ɗaga hannu.

"Kashe, Hajiya. Wanga ba mutum ba ne."

Na ce hannun Arzika ne.

"Hannunai ne sau guda. Sauran hoto ne. Mutum na gajiya, mutum na jin daɗi, ko fushi shikai sai an ji. Wa ya taɓa buga abu sau talatin bai ko numfasa ba?" Ya yi dariya. "Su mutanen naku fushi ya toshe musu kunne, shi ya sa ba su ji ba. Wane mugu ya yi mishi haka?"

Na faɗa masa. Abin mamaki bai fi jimla uku ba. Kwana goma sha biyu ina ɗauke da shi kamar dutsen niƙa, ashe jimla uku ne.

Ya daina dariya. Na roƙe shi kada ya je, ya gaya musu abin da ya ji.

Ya ce, "Goro na karɓa, zuwa kam za ni. Maganarki kuwa ba ni ɗaukar ta. In ni na faɗa, su ce makaɗi ya rufa wa makaɗi asiri. Bakin da ya ce haka ya buga, shi za ya koma ya ce ba haka ba ne."

Na ce ni ban taɓa cewa haka ya buga ba.

Ya dube ni. "To mi kinka ce?"

Na maimaita masa jimlar tawa ta na'ura. A bakina, a gaban mutumin nan da warin albasa, ta yi wani irin ƙaramin sauti.

Talata, 21 ga Mayu, 12:00 na rana

Kwana biyu ina sabon miksin. Na kashe layukan ma'auni gaba ɗaya. Na bar gangar yadda take, ni na riƙa bin ta da murya, ina matsar da kowane baiti da hannu zuwa inda ya bar masa wuri. Ya bar wuraren, tun farko. Ban matse komai ba sai kaɗan. Inda ya yi ƙasa na ɗaga da yatsa, inda ya yi sama na sassauta. Har kukan zaren da ke kan fatar, wanda na share a na farko don ina jin sa kamar datti, na mayar. Minti goma sha huɗu da 'yan kai. Ba gidan rediyon da zai sa ta.

Na yi tunanin in tura wa Kawu kawai in ce ga gyararriya. Inna ta ce, "Sai su ce kunya ta sa Arzika ya koma ya sake bugawa." Ban tambaye ta ba ma. Ta bayana ta wuce ta ga saƙon da na fara rubutawa a waya.

Laraba, 22 ga Mayu, 10:00 na safe

Mujtaba ya ce in na je, in faɗa da sunana, kada in ambaci situdiyo. Na ce dama da sunana na yi. Bai kawo lemo ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, 6:20 na yamma

Bayan an sauko daga masallaci 'yan ƙungiyar suke zama a rumfar ƙofar gidan Kawu. Na je da ƙaramar lasifika a jaka. Mace ba ta zama a rumfar nan, don haka na durƙusa daga bakin inuwa, rabin jikina a rana. Baba Arzika ba ya nan. An ce kwana goma sha ɗaya bai fito ba sai sallah.

Na gaishe su. Na ce ina da abin da zan sa musu, sannan ina da magana. Na sa na asalin, ba wanda na gyara ba, har da tarin da ya yi kafin ya fara da muryata ina cewa bismillah, Baba.

Wani dattijo siriri ya ɗaga hannu tun dukan farko, kamar ba da saninsa ba. Daga nan hannuwa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Kawu bai ɗaga nasa ba. Ya sunkuyar da kai har aka wuce shi.

Sai na yi maganar. Na ce ni na yanke, ni na jera, Baba bai ji ba kafin a kai. Na ce Kawu ya tambaye ni na kauce. Na ce Baba ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni, na ba shi ruwa.

Dattijon nan siriri, ashe shi ne Ikrima, ya ce, "Tsaya, ɗiyar Hauwa'u. Wato mu duka muna ciki, kinka fid da mu?"

Na ce e.

"Don mi?"

Na ce don ba ku hau layi ba.

Wani ya ce wane layi. Na buɗe baki in yi bayani, na ga ba shi da amfani.

Alhaji Munzali yana can ƙarshen tabarma. Ya gyara hula ya ce, "Ni dai waƙar ta yi min." Ba wanda ya yi dariya sai mutum ɗaya, shi ma ya mayar da ita tari.

Kawu ya miƙe ya sa takalmi. Bai dube ni ba. Ya ce, "Mun ci mutuncin bawan Allah a kan maganar ɗiyarmu." Ya nufi gidan Baba, mutum biyar suka bi shi. Ni aka bar ni da lasifika, ba wanda ya ce in tashi, ba wanda ya ce in zauna.

Asabar, 25 ga Mayu, 5:50 na yamma

An yi gayya. Na tsaya a kan gaɓa tare da matan da suka kawo fura. Malami ya zo daga Argungu kamar yadda ya ce, ya gaisa da kowa, sannan ya zauna ya kife gangarsa a cinya. Ya ce shi baƙo ne, bai san gonar kowa ba, zai dai riƙa amsa wa mai gida. Baba Arzika ne ya rataya ganga.

Kafin a fara na je na durƙusa. Na ce Baba, ka yafe mini. Ya rame. Ya ce, "Yankan ba komai ba ne, ɗiyata, rashin sani ne. Amma da kinka ba ni ruwan nan, na tafi gida na tara ɗiyana na ce musu su fara lura da ni." Ya gyara igiyar a kafaɗa. "Tashi, rana na yi." Ban sani ba ko wannan yafewa ce. Ban sake tambaya ba.

Ya buga. Lauje ya yi ta walƙiya, mutane suna ihu, Kawu ya yi kirari har muryarsa ta dushe. Matan kusa da ni suka ce Arzika ya dawo, kamar ma ya fi da.

Bai fi da ba. Kafin kowane take yanzu akwai ɗan jinkiri. Ya ɗaga sandar, ya tsaya, leɓensa ya motsa da sunan mutumin, ya saci kallon Malami, sannan ya sauke. A ɗaukar da na yi masa wata guda da ya wuce babu wannan. Daga wani yake faɗawa wani kamar ruwa a gangare.

Bai fi rabin daƙiƙa ba. Ba wanda ya lura a duk fadamar, ni kuwa abin da aka koya mini ke nan, in ji rabin daƙiƙa. Na ji shi sau ashirin da uku. A kwamfuta da yatsa ɗaya zan share shi.